Ranar da Muka Rufe Madubin Yaya Ɗanjuma

Shekara talatin da huɗu ke nan, in Allah ya kai mu ƙarshen wannan daminar, da rasuwar yayana Ɗanjuma, wanda mutanen ƙauyenmu na bayan Badafi suka laƙaba wa suna Mai Madubi. Da zolaya suka raɗa masa sunan, amma shi ya bi shi har kabari, kuma yau in ba da shi ka kira shi ba babu wanda zai gane wa kake nufi. Ni ƙanwarsa ce, Talatu, uwa ɗaya uba ɗaya. Na yi aikin koyarwa har na gaji na ajiye alli. A duk tsawon shekarun nan, in aka ce in ba da labarin Yaya sai in ba da wanda kowa ya sani, in tsallake wuri guda. Bana na ga gwiwoyina sun fara ƙin tashi daga kan darduma, na ce gara in rubuta shi dukansa, har da wurin da nake tsallakewa.

Yaya ya bar gida tun ina 'yar firamare. Motar shanu ya bi zuwa Kudu, daga nan ya samu aiki a wata tashar wutar lantarki da ke ƙona kwal, wato gawayin nan da ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa. Aikinsa ciyar da wuta. Tun safe yana tsaye a bakin murhun wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe da shebur a hannu, yana zuba kwal, ruwa na tafasa, tururi na fita da ƙarfi yana juya farfela, farfelar kuma na haifar da wutar da mutanen birni ke kunna fanka da ita. Ya fi shekara goma a haka. A farkon shekarun 1980 ya dawo gida da akwatin ƙarfe ɗaya, da buhun kwal uku, da tari. Innarmu ta dubi buhunan ta ce, "Kowa ya dawo daga Kudu da rediyo da goro, kai kuma sai ka kwaso mana gawayi? Itace ya ƙare a ƙasar Ƙiru ne?" Ya yi dariya har tarin ya ƙwace masa ita. Ranar na fara ganin abin da yake tofarwa baƙi ne.

Da buhunan ya zo da wata magana da ta hana shi zama. Da butar shayi ya fara bayyana mini ita a tsakar gida. Ya ce in duba, ruwan da ake zubawa a waccan tukunyar da sanyinsa yake shiga, kuma kafin ya kai ga tafasa an riga an ƙone kwal mai yawa a kan ɗumama shi kawai. Alhali a waje ga rana nan tana zuba zafi a banza, tana gasa kwanon rufi da ƙeyar mutane. Me zai hana a tattara zafin nan da madubi, a harba shi kan bututun ruwa, ruwan ya iso tukunya yana huci, kwal ya ƙarasa ɗan abin da ya rage? Na ce masa da dare fa, ko in gari ya lumshe? Ya ce, "Ai ban ce a kori kwal ba, Talatu. Cewa na yi a rage masa kaya. Da rana su yi aikin su biyu, in ta faɗi ya ci gaba shi kaɗai." Sannan ya fara kiran sunayen abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ya baro suna tari irin nasa, da waɗanda aka riga aka binne. Ya ce duk shebur ɗin da aka rage, ƙirjin wani aka rage wa.

Shekara uku ya yi yana haɗa abin a bayan gidanmu. Ya bi kafintocin Kano yana kwaso fasassun madubin kabad, ya sa aka yanka masa su sirara kamar faɗin hannu. Ya jera su layi-layi a kan wani katako da ya lanƙwasa kamar komin da ake shayar da shanu, ya ɗora shi a kan turaku biyu yadda za a iya karkata shi ya bi rana. A tsakiya ya miƙa wani tsohon bututu da ya tsinto a juji wajen masu noman rani na Tiga, ya shafe shi da baƙin fenti. Bututun ya zarce cikin wata 'yar tukunyar ƙarfe mai murhu a ƙasa, da usur a sama, da 'yar farfela, da dainamo mai haifar da wuta, da kwan fitila guda ɗaya rataye a jikin reshen dalbejiya. Layin madubi na sama ya ɗara kan namiji tsawo. Ƙusa ɗaya ya kafa a gefen katakon, ya zana ɗigo a ƙarƙashinta. In inuwar ƙusar ta kauce daga ɗigon, sai a ɗan tura komin har ta koma.

Ƙauye kuwa ya samu abin kallo. Masu zuwa gona su tsaya su tambaye shi ko ranar ta amsa sallama. Wata Bafulatana mai tallar nono ta mayar da wurin zangonta, takan sauke ƙwarya ta gyara ɗaurin kallabi, ta ce wannan ne kaɗai wurin da mace ke ganin kanta arba'in a lokaci guda. Ni ma na yi tawa zolayar, kuma ba kaɗan ba. Shi kuma yana ramawa da sunan da ya sa mini tun ina yarinya, Gorar Inna, don na fi kowa tsawo a gidan, ita kuwa Inna gajera ce, duk abin da ke saman katanga ko rufin rumbu ni ake kira in sauko da shi. Zolayar ta ragu ranar da ya manta ya dafa bututun da tsakar rana. Tafin hannunsa ya kwaile, ya yi sati biyu yana cin tuwo da hagu, yana nuna wa kowa ƙunar kamar wanda aka ba lambar yabo.

Gwajinsa mai sauƙi ne. Ya cika tukunya da ruwan rijiya, ya hura kwal, ya ƙirga shebur nawa ya zuba kafin usur ya yi kuka kwan fitila ya kama. Washegari ya bar madubi su gasa ruwan tun daga hantsi har azahar, sannan ya hura kwal ya sake ƙirgawa. Na gani da idona, a karo na biyu bai zuba rabin na farko ba. A haka buhu biyu suka ƙare. Na ukun ya ɗinke bakinsa, ya jingine shi a ɗakinsa, ya ce wannan na ranar da ogansa na wurin aiki zai zo ne.

Sai na yi maganar Inna, don kada mai karatu ya ɗauke ta tsohuwar ƙauye mai camfi kawai. Tsawa ce ta kashe mahaifinmu. Yana gona a farkon wata damina, hadari ya taso, ya tsaya ya ƙarasa kunya ɗaya, da fartanya a hannunsa. Ina da shekara huɗu. Inna ce ta fara isa wurin. Ba ta taɓa faɗa mana abin da ta gani ba, amma tun daga ranar, da zarar gabas ta yi baƙi za ta bi gidan tana kife tasoshi, tana tura cokula ƙarƙashin gado, tana lulluɓe madubin ɗakinta da zane. Duk matan yankinmu suna rufe madubi in ana hadari, haka muka taso muka gani, an ce ƙyallinsa na jawo tsawa. Sai dai su al'ada suke yi, ita kuwa don tsoro take yi. To wannan matar ce ɗanta ya jera wa madubi fiye da arba'in a bayan ɗaki, kowanne ya buɗe ido yana kallon sama. Yaya ya san da haka. Kowace shekara kafin ruwan farko shi da kansa yake kwance su ya shigar ɗaki, ba ya fito da su sai kaka ta wuce.

A shekarar da nake magana, wasiƙa ta zo a ƙarshen bazara. Ogansa na tashar, wani injiniya ɗan Kudu da Yaya ke yawan yabon kirkinsa, ya rubuto cewa aiki zai kawo shi Kano, kuma a hanyarsa ta komawa zai ratso ya ga abin da Ɗanjuma ya dame shi da shi a wasiƙu. Rana ɗaya, sa'a ɗaya ko biyu, ranar Asabar. Yaya ya roƙi Inna ta ƙara masa kwana goma kafin ya kwance madubin. Ta dubi sama, ta dube shi, ta ce Allah ya kaimu.

Ranar Asabar ɗin gari ya waye tas. Babu makaranta, don haka tun da sassafe na baro gidan mijina na zo. Yaya ya cika bututu da ruwa, ya goge madubin ɗaya bayan ɗaya da tsumma, ya farke bakin buhun ƙarshe. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Shi zai tafi Ƙafin Maiyaki a kan babur ya jira motar ogan a bakin titi, don baƙo ba zai gane hanyarmu ba. Ya damƙa mini aikin ƙusa. Ya ce, "Abu ɗaya ne, Gorar Inna. Inuwa ta zauna kan ɗigo har in dawo. Ke malama ce, ba sai na maimaita ba." Na ce masa ya tafi kawai, yaran aji uku nake juyawa kullum balle katako.

Na yi kamar sa'a guda ina turawa. Bututun ya fara ɗaukar zafi, in ka matso kana jin ruwan na motsi a ciki. Sai iska ta canza. Na ɗaga kai na ga gabas ta haɗe, hadarin farko na shekara, baƙi ƙirin, yana tahowa ta wajen dam ɗin Tiga. Kaji suka fara shigewa. Ban juya ba amma na san Inna na tsaye a bayana, don na ji ƙamshin zannuwan da ta ciro daga ƙasan adaka.

Na ce, "Inna, Yaya ya ce kada a taɓa."

Ta ce, "Matsa mini."

Na ce mata madubi ba ya kiran tsawa, haka yake a littafin da nake koyar da yara. Ta dube ni ta ce, "Ubanki ma fartanya ce kawai a hannunsa." Ta wuce ni ta nufi komin, ta fara shimfiɗa zane a layin ƙasa, iska na fizge shi. Ta yi ɗage tana son kai wa na sama, hannunta bai kai ba. A daidai nan aka saki wata tsawa da ta girgiza ƙasa. Na ga uwata tsaye a gaban madubi arba'in, kowanne da walƙiya a cikinsa. Littafin ya fice daga kaina. Na cire mayafina, shuɗi mai ratsin fari, na wurga shi kan layin sama, na ja gefensa na ɗaure a jikin katako. Ni na rufe layin sama gaba ɗayansa. Kafin a jima matan maƙwabta sun iso da tabarmi da zannuwan gado da buhunan taki, aka lulluɓe abin har ba ka ganin ko ƙyalli.

Da a nan labarin ya tsaya da ban daɗe ina ɗauke da shi ba, don ai ko ba a rufe ba girgije ya riga ya rufe ranar. Abin da ya biyo baya shi ne nawa. Hadarin bai zubar da komai ba sai yayyafin da bai jiƙa ƙasa ba. Iska ta kwashe shi ta yi wajen Tudun Wada da shi. Cikin rabin sa'a rana ta fito, irin fitowar nan ta bayan hadari, mai cizo kamar tana fushi. Amma can nesa ana jin gurnanin tsawa jefi-jefi. Inna ta jawo turmi ta kife, ta zauna a gindin komin da carbi a hannu, ta ce ba mai ɗaga ko tsinke sai sama ta yi shiru. Matan suka watse. Ni da ita muka rage. Sa'a biyu cur rana na dukan zannuwa, ina tsaye ina kallon inuwar ƙusa tana barin ɗigo tana tafiya. Na fi Inna tsawo, na fi ta ƙarfi, na san abin da ke tafe a hanya. Da na ɗaga layin sama kaɗai da ruwan ya samu wani abu. Sau biyu na miƙa hannu, sau biyu aka yi gurnani can ƙasan sama, na mayar da hannun. Na daɗe ina gaya wa kaina biyayya ce ta riƙe ni. Tsoro ne. Ni ma 'yar mutumin nan ce mai fartanya.

Ƙarar babur na ji, da ta mota a bayansa, sannan na fara fizge zannuwan kamar mahaukaciya. Ban gama ba suka shigo. Yaya ya tsaya. Ya dubi tabarmin da ke ƙasa, ya dubi Inna a kan turmi. Ya taka a hankali har gaban bututun, ya ɗora tafin hannunsa a kai, wannan tafin mai tabon ƙuna, ya bar shi a nan. Har yau in na rufe ido hannun nan nake gani, kwance a kan baƙin ƙarfe, ba ya ɗagawa.

Ogan mutum ne mai ladabi. Ya rusuna ya gaida Inna da 'yar Hausar da ya iya, ya sha furar da aka dama masa. Yaya ya roƙe shi ya jira sa'a uku ruwan ya yi zafi. Ya duba agogo, ya ce direba na son su wuce Zariya da sauran rana, hanya ba kyau. Ya ce ko a nuna masa abin da ya samu. Sai Yaya ya cire farar rigarsa ya rataye, ya ɗauki shebur. Da ruwa mai ɗumin wanka ya hura tukunyar. Ya zuba kwal, ya zuba, ya zuba, yana tari yana gumi, hayaƙi na bin fuskarsa, har buhun ya kwanta. Usur ya yi kuka, kwan fitila ya kama a jikin dalbejiya, ja-ja da tsakar rana. Ogan ya tafa masa. Ya dafa kafaɗarsa ya ce har yanzu babu mai ciyar da wuta kamar Ɗanjuma. Yana da ɗan littafi a aljihun gaba da biro a maƙale, na zuba masa ido tun zuwansa, bai ciro shi ba har ya shiga mota.

Da la'asar Yaya ya zauna yana ninke zannuwan mutane ɗaya bayan ɗaya yana aikawa gidajensu. Mayafina ne na ƙarshe, don yana can sama a ɗaure. Ya kwanto shi, ya ninke, ya miƙo mini. Ya ce, "Taɓa ki ji, Talatu. Har yanzu da zafi. Ranar dai ta zo." Na karɓa. Kafin magariba labari ya zaga ƙauye cewa Inna ta rufe wa Mai Madubi madubinsa a gaban baƙo. Haka aka yi ta faɗa a rijiya da gidan biki shekara da shekaru, wasu na dariya, wasu na cewa tsohuwa ta yi daidai. Inna ba ta taɓa musawa ba, ba ta kuma taɓa kallona a kan maganar ba har ta koma ga Allah. Ni kuma na yi shiru. Na lallashi kaina da cewa mayafi ai ko a kan igiya ana iya ɗaukarsa, Yaya ba zai san hannun wa ya ɗaure shi ba.

Kwal ya ƙare daga ranar. Ya gwada itace da totuwar masara, amma ya ce wannan ba hujja ba ce ga mutanen tasha, su da kwal za a yi musu magana. Ya rubuta wa ogan wasiƙa uku ko huɗu, amsa ɗaya ta zo, ta gaisuwa. Bayan wasu shekaru muka ji aiki ya tsaya a tashar gaba ɗaya. Madubin kuwa bai daina fito da su duk rani ba. Matan unguwa suka gano ruwan bututun na rage musu itace wajen turara shinkafa, suka riƙa layi da bokitai, har da waɗanda suka kawo tabarmi ranar nan. Lokacin sanyi shi da kansa yake ɗibar wa Inna ruwan alwala daga nan, ita kuma ta karɓa ta sa masa albarka. Ban taɓa jin ɗayansu ya tayar da zancen Asabar ɗin ba.

Kwanakin baya 'yata Rabi ta zo da wayarta ta ce in ga wani bidiyo. Wata ƙasa ce can nesa. Fili ne shimfiɗe da madubai masu lanƙwasa, layi bayan layi har iyakar gani, kowanne da bututu a tsakiyarsa, suna juyawa da kansu suna bin rana. A gefensu ga dogayen bututun hayaƙi na tashar kwal. Mai bayanin yana cewa tururin da rana ta dafa ana haɗa shi da na tukunya, don a rage kwal ɗin da ake ƙonawa da rana. Rabi ta ce, "Mama, ba irin na Kawu Mai Madubi ba ne?" Na ce ta mayar baya in sake gani. Sau huɗu ta mayar. Komin shanun nan ne na bayan ɗakin Inna, an dai wanke shi an sa masa kuɗi. Sai na tashi na shiga kicin kamar na bar abu a wuta.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Faifan sola ya hau rufin shaguna a Ƙafin Maiyaki, masu lambu a bakin ruwan Tiga suna jan ruwa da shi, ko a rugage ana cajin waya da rana. Na san zai yi murna, kuma na san zai yi musu tsiya, ya ce wannan wutar ragwaye ce, ba ruwa ba tururi ba usur. In ya ji ana ta zancen a koma haƙar kwal don wutar lantarki ta wadata, ba zai yi gardama ba, shi bai taɓa zagin kwal ba, da shi ya ci abinci. Tambaya ɗaya zai yi, wa zai tsaya a bakin murhun, kuma an tanadar masa me. Sannan zai ɗaga kai ya dubi ranar Kano da tsakar bazara, ya girgiza kai don takaicin abin da ke zuba a banza.

Rabi ta ce in daina ɗora wa kaina. Ta ce ko da bututun ya yi ja ranar nan, me injiniya ɗaya zai iya a tashar da ke kan hanyar mutuwa? Wataƙila ya rubuta a littafinsa, littafin ya shiga durowa, shi ke nan. Gaskiyarta ce, na kuma san komai da lokacinsa a wurin Allah. Amma Yaya bai nemi a gina masa tasha ba. So yake mutum ɗaya da ya san aikin ya tsaya ya ƙirga shebur da shi, ya ce masa Ɗanjuma, lissafinka daidai ne. Ya rayu a cikin mutanen da suke ƙaunarsa suna masa dariya, ya samu sa'a biyu a duk rayuwarsa da zai ji wannan kalmar, kuma ni na tsaya a kan sa'o'in nan da hannuna a naɗe.

A daminar da ya rasu tarin ya kwantar da shi. Madubin suna bayan gida ba a kwance su ba, don bai samu ƙarfin yi ba, kuma babu wanda ya yi ƙarfin halin taɓa masa su yana kwance. Wata la'asar ina zaune a gefen gadonsa ina masa fifita, sai gabas ta haɗe. Muka ji Inna a tsakar gida tana kife tasoshi. Ya buɗe ido, ya saurara, ya ce, "Talatu, je ki rufe wa Inna madubin nan, kada ta fita cikin iska." Na miƙe. Na kai bakin ƙofa ya ƙara da cewa, "Ki fara da layin sama. Kin san hannunta ba ya kaiwa can." Na juyo. Yana kallona, da ɗan murmushin nan nasa na zolaya, babu ko ɗigon fushi a ciki. Ashe tun ranar da ya kwance ƙullin mayafin ya sani. Shekara shida yana kirana Gorar Inna, yana cin tuwon da na aiko, yana sane. Wannan ce damar da zan durƙusa in ce Yaya ka yafe mini. Sai na ce to, na fita na rufe madubin. Kwana tara bayan nan aka kai shi makwancinsa.

Bayan sadakar arba'in aka kwance komin, matan unguwa suka raba madubin. Har gobe in ka shiga tsofaffin ɗakuna a ƙauyenmu za ka ga wani siririn madubi a bango, wanda ba ya nuna fuska duka sai rabi. Jikokin masu ɗakin ba su san daga ina ya zo ba. In hadari ya taso duk ana rufe su. Abin da ya rage na Yaya ke nan a ƙauyen, sai sunan zolaya, sai kuma wani fili a ƙasar da bai taɓa jin sunanta ba, inda wasu suka yi lissafin da ya yi da butar shayi suka same shi daidai. Na rubuta wannan don ya zama an faɗa a bainar jama'a, ko da a makare, cewa Ɗanjuma Mai Madubi yana da gaskiya, kuma Inna layin ƙasa kaɗai ta rufe. Allah ya jiƙansu su biyu, ya haɗa su da Baba a inda babu tsoro.

Nawa madubin yana nan a ɗakina, daga layin sama na zaɓe shi. Mayafin ma yana nan, shuɗinsa ya koɗe. Shekaranjiya hadari ya taso da azahar, na tashi da gwiwoyin nan nawa na lulluɓe madubin da shi kamar kullum, don har yau ban iya bari ba. Da rana ta leƙo, ana ta gurnani can wajen Tudun Wada, ban jira ba, na cire shi. Na sa shi a kumatuna na ji. Da sanyinsa.